Ka Ɗauki Ma'aikaci a Maradi, Dokar Wa Za Ka Bi?



Sharhinmu na yau na 'yan kasuwa ne da masu kamfanoni. Na yaran shago ne kuma, da direbobi, da masu gadi, da akawu. Tambaya ɗaya ce a gabanmu. Idan mutum ya tsallaka iyaka ya kafa harka, ya ɗauki ma'aikata a can, da dokar wace ƙasa zai biya su? Da ta gida, ko da ta inda ya sauka?

Zan ba da amsar tun da wuri, kuma za ku ji ina maimaita ta. Inda ma'aikaci ya zubar da guminsa, dokar wurin ake bi. Albashinsa, harajinsa, fanshonsa, hutunsa, har da yadda za a sallame shi, duk dokar ƙasar da yake aikin ce ke da ta cewa.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. Mu tsaya a Maradi.

Daga Katsina zuwa Maradi tafiya ce da ba ta kai kilomita 100 ba. Ka bi ta Jibiya, ka wuce Ɗan Isa, ka isa. Harshe ɗaya, addini ɗaya, ana auratayya tun kaka da kakanni. Har gobe Sarkin Katsina ake ce wa sarkin Maradi. To wannan kusancin shi ne ke ruɗar mutanenmu. Mutum ya ga fuskoki irin na gida, ya ji Hausa a ko'ina, sai ya ɗauka bai bar gida ba. Alhali tun da ya wuce shingen kwastan, doka ta sauya gaba ɗaya.

Mu ɗauka wani Alhaji ne daga kasuwar Dawanau ta Kano. Ya kama sito a Maradi, yana tara wake da riɗi. Ya ɗauki akawu ɗaya, direba ɗaya, mai gadi, da yara biyu masu kula da awo. Dukansu 'yan Nijar. Ya zauna da kowa, an yi ciniki da baki, an ce Allah ya sa albarka. Wata ya ƙare, ya ƙirga kuɗi ya danƙa wa kowa nasa a hannu. A ganinsa ya sauke nauyi.

Masu sauraro, bai sauke ba. Bari mu bi abin daki-daki.

Mu fara da albashin kansa. Kowace ƙasa da nata mafi ƙarancin albashi. A Najeriya naira dubu 70 ne, tun watan Yulin 2024. A Nijar kuwa jika 42 ne, wato sefa dubu 42, tun farkon shekarar 2024. Alhajin nan ba shi da ikon ya ce zai auna da na Najeriya. Na Nijar shi ne ma'auninsa, domin a Nijar ake aikin. Kuma doka ta ce ya ba ma'aikaci takardar albashi, wadda ta nuna abin da aka biya da abin da aka yanka. Kuɗi a hannu ba takarda, ranar da rigima ta taso, maganar wa za a yarda da ita?

Yanzu mu zo ga inda aka fi tuntuɓe. A Nijar akwai asusun da ake kira CNSS, wato asusun ƙasa na kare ma'aikata. Ina roƙon ku saurara da kyau a nan, don nan ne zuciyar maganar.

A Najeriya, dokar fansho ta 2014 ta fi matsa wa kamfanoni masu ma'aikata 15 zuwa sama. Maigida ya zuba kashi 10, ma'aikaci ya zuba kashi 8. Kuɗin kuma yana shiga asusun mutum na ƙashin kansa, mai ɗauke da sunansa. Shi ya sa ƙaramin ɗan kasuwa a Kano yake ganin maganar fansho ba tasa ba ce, ta bankuna ce da manyan masana'antu.

A Nijar abin ba haka yake ba. Ko mutum ɗaya ka ɗauka aiki na albashi, sai ka yi masa rajista. Kai ma sai ka yi wa harkarka rajista a matsayin mai ɗaukar ma'aikata. Kuɗin kuma ba asusun mutum ɗaya yake shiga ba. Tukunya ɗaya ce ta kowa da kowa, ana ƙirga wa mutum watannin da aka zuba masa.

To nawa ake zubawa? Mu ce albashin direban nan jika 100 ne. Za a yanki jika 5 da 'yan kai daga ciki. Shi kuma Alhaji zai ƙara jika 16 da wani abu daga aljihunsa. Ku lura, daga aljihunsa. Ba daga albashin direba ba. Ke nan wanda ya yi lissafin jika 100 kawai, ya yi lissafin da bai cika ba. Abin da za ka danƙa wa ma'aikaci daban, abin da ɗaukarsa zai ci maka daban.

Wani zai ce, to ina amfanin wannan ɗawainiya? Amfaninta uku ne. Akwai alawus na iyali, da taimakon da ake ba mace lokacin ciki da haihuwa. Akwai diyyar haɗari a bakin aiki. Akwai kuma fansho, idan mutum ya kai shekara 60.

Ku dubi na biyun nan da idon basira. Ana sauke buhuna daga tirela da tsakar rana. Katakon da aka ɗora don sauka ya goce. Yaron awo ya faɗo, buhu mai kilo 100 ya biyo shi, ƙafa ta karye. In an yi masa rajista, asusun ne zai ɗauki nauyin magani, ya kuma riƙa ba shi wani abu har ya miƙe. In ba a yi ba fa? Nauyin zai dawo kan maigida. Ga bashin watannin da bai zuba ba, ga tara a kai. Yaron kuwa yana kwance, iyalinsa na jiran tausayin wani. Abin da yake haƙƙinsa ne ya koma roƙo.

Na ukun ya fi ban tausayi, don shi ba ya nuna kansa sai lokaci ya ƙure. Mutum ya yi shekara da shekaru yana gadin sito. Ƙarfi ya ƙare, ido ya fara dishi-dishi. Ya ɗauki sandarsa ya nufi ofishin asusun. A duba, a sake dubawa, a ce masa Baba, babu sunanka. Babu lamba, babu wata ko ɗaya. A wannan shekarun ina zai koma ya fara?

Akwai wanda ya fi wannan muni. Shi ne maigidan da yake yankar kuɗin daga albashi, amma ba ya kai wa hukuma. Masu sauraro, wannan kuɗi ba nasa ba ne. Amana ce aka bar masa ya isar. Wanda ya riƙe ta ya juya a kasuwa, ya ci haƙƙin mutum sau biyu. Ya rage masa albashin yau, ya kuma hana shi abincin tsufa. Ni a ganina, wannan ya wuce batun doka, ya shiga batun tsoron Allah.

Na san abin da wasu dattawanmu za su ce, kuma maganarsu abin saurare ce. Za su ce mu ai muna da namu tsarin. Maigida shi ke ciyar da yaronsa. Shi ke yi masa ɗinkin sallah. In ya tashi aure shi ke tsaya masa. In an yi haihuwa ya sayi ragon suna. Bayan shekaru ya ba shi jari, ya ce je ka ka tsaya da ƙafarka. Wannan gaskiya ne. Manyan attajirai da yawa a Kantin Kwari da Maradi ta wannan hanya suka taso. Ba abin rainawa ba ne, kuma ba na fatan ya mutu.

Amma ku dubi raunin da ke cikinsa. Duk ya rataya ne a kan ran maigida, da halinsa, da kasuwarsa. In ya rasu, magada ba su san alkawarin da aka yi da baki ba. In kasuwa ta karye, alherin ya karye tare da ita. Lambar rajista kuwa tana nan, ko maigida na raye ko ba ya raye. Sannan sufeton ƙwadago ba zai karɓi ragon suna a madadin kuɗin asusu ba. Ka ci gaba da alherinka, Allah ya ba ka lada. Amma ka fara da abin da doka ta wajabta.

To, mu juya ga haraji. Nan ba zan daɗe ba.

A Kano, harajin albashi hukumar tara kuɗin shiga ta jiha ake kai wa. A Nijar kuwa harajin albashi, wanda suke kira ITS, na gwamnatin ƙasa ne, hukumar haraji ta ƙasa ke karɓa. Maigida ne zai yanka, shi ne kuma zai kai. In bai yanka ba, shi za a tuhuma. Kafin ma ya iya kaiwa, sai yana da lambar haraji da rajistar kasuwanci ta ƙasar. Takardar rajistar kamfani da ya samo daga Abuja ba za ta wadatar ba. Nijar tana cikin tsarin dokar kasuwanci na OHADA, Najeriya kuwa ba ta ciki. Takardun ma da Faransanci ake cike su. Saboda haka akawun da ya ƙware a Kano zai iya zama ɗan koyo a Maradi. Ba gazawa ba ce a nemi ɗan gari ya riƙe wannan ɓangare. Matambayi ba ya ɓata.

Sai maganar hutu da sallama. Ku ji bambancin da ke tsakani.

Dokar ƙwadago ta Najeriya ta ce hutun shekara kada ya gaza kwana 6 na aiki. Dokar ƙwadago ta Nijar, ta shekarar 2012, ta ba ma'aikaci kwana 2 da rabi a kan kowane watan da ya yi aiki. In ka tara, wata guda ke nan cur a shekara, kuma da albashinsa. Hutun haihuwa mako 12 ne a dokar Najeriya, a Nijar mako 14. Maigidan da ya saba da kwana 6 zai ga kamar yaransa sun yi masa tawaye. Ba tawaye ba ne, haƙƙinsu suka nema.

Sallama ma haka. Ba ka isa ka fusata da safe ka ce wa mutum ya tattara nasa ya nasa ba. Sai da dalili. Sai da sanarwa ta kwanakin da aka ƙayyade. Wanda ya daɗe kuma yana da kuɗin sallama gwargwadon shekarunsa. In bai gamsu ba, ga ofishin sufeton ƙwadago, bayansa ga kotun ma'aikata. Kuma a can maigidan shi ne baƙo.

Akwai wani abu da muka gani da idonmu a 'yan shekarun nan. An rufe iyaka a watan Agustan 2019, ba a buɗe ba sai ƙarshen 2020. An sake rufewa bayan juyin mulkin Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024. Motoci suka yi layi, kaya suka tsaya, ciniki ya mutu. Amma rufe iyaka bai soke yarjejeniyar aiki ba. Ma'aikaci yana nan, wata yana ƙarewa, asusu yana jiran nasa. Duk wanda zai ɗauki mutane a ƙetare, ya ware wani abu a gefe saboda irin wannan rana.

Ga kuma batun kuɗin da za a biya da shi. Wannan ya ƙona mutane da yawa. Sefa a ɗaure take da yuro, kusan sefa 656 a yuro ɗaya, ba ta motsi. Naira kuwa an sake ta a watan Yunin 2023. Dalar da ake saya ƙasa da naira 500 a farashin hukuma ta haura 1,500 cikin 'yan watanni. Wanda ya yi wa ma'aikacinsa na Maradi alkawari da naira, ya wayi gari albashin ya narke a hannun mai shi. Wanda kuma ya yi alkawari da sefa amma cinikinsa da naira ne, ya ga kuɗin albashi ya ninka a kansa. Ma'aikaci da sefa yake sayen hatsi, da sefa yake biyan haya. Da ita ya kamata a rubuta albashinsa. Faɗuwar canji kuwa, maigida ne ya kamata ya yi mata tanadi, don shi ne mai cin ribar kasuwar.

Yanzu wani zai ce, to ni ba zan ɗauki ɗan gari ba. Zan taho da yarona daga gida, wanda na sani, na yarda da shi.

To ka saurara. In kwana biyu zai yi ya duba kaya ya koma, wannan daban. In kuwa zama zai yi yana aiki, shi ma dokar wurin ta hau kansa. Yarjejeniyar aikin baƙo a Nijar sai an rubuta ta, hukumar samar da aikin yi ta ANPE ta sa mata hannu. Ta ɓangaren haraji kuma, ƙasashe da yawa, har da Najeriya, suna duba ko mutum ya kai kwana 183 a cikin wata 12. In ba a yi hattara ba, ƙasa biyu za su nemi haraji a kan albashi ɗaya. Kada kuma a manta, tun ranar 29 ga Janairun 2025 Nijar ta fice daga ECOWAS, tare da Mali da Burkina Faso. Abin da ka sani shekara biyar baya, ka sake tambaya a kansa yau.

Idan ka taho da naka, ka kuma ɗauki 'yan gari, ka kula da adalci tsakaninsu. Mutum biyu na aiki iri ɗaya, ɗaya na karɓar ninkin na ɗaya, wannan wuta ce ake hurawa. Manyan kamfanoni ma ba su tsira ba. A watan Maris na 2025, gwamnatin Nijar ta umarci wasu manyan jami'ai uku 'yan China, na kamfanonin mai, da su bar ƙasar. Cikinsu har da na matatar SORAZ ta Damagaram. Daga cikin dalilan da hukuma ta bayar akwai giɓin albashi tsakanin baƙi da 'yan ƙasa. In hakan ta faru da masu biliyoyi, mai sito ɗaya ai sai ya shiga taitayinsa.

Kada kuma wani ya ce ai matsalar Faransanci ce, a ƙasar da ake Turanci komai ɗaya ne da gida. Je ka Gana ka gani. A can asusun SSNIT ne. Maigida kashi 13, ma'aikaci kashi 5 da rabi. Hutun shekara kwana 15 na aiki. Dokar zuba jari ta 2013 kuma ta ce baƙon da zai yi harkar saye da sayarwa sai ya zo da jarin dala miliyan 1, ya ɗauki 'yan Gana 20 aiki. A kan wannan doka aka garƙame shagunan 'yan Najeriya a Akara a 2020. Kana iya jin Hausa a zangon Kumasi kamar kana Fagge, amma dokar ta Gana ce.

Magana ta ƙarshe ta matasa ce, masu aiki ta intanet. Yau kamfani yana Kano, mai rubuta masa manhaja yana Yamai ko Akara. Ba a taɓa haɗuwa ba, kuɗi ta waya ake turawa. To dokar wa za a bi? Amsar ba ta sauya ba. Inda mutumin yake zaune yana aikin, dokar wurin ake bi.

Wasu sukan yi dabara. Su ce ai shi ba ma'aikacinmu ba ne, ɗan kwangila ne. Hukuma ba sunan take dubawa ba. Tambayarta ita ce, wa ke ba shi umarni? Wa ya yanka masa lokacin fara aiki da na tashi? Yana karɓar kuɗi duk wata daga wuri ɗaya? In haka ne, ma'aikaci ne, ko me aka rubuta a takarda. Akwai kamfanoni irin su Deel da Remote da suka mai da wannan sana'arsu. Su ne za su ɗauki mutumin a hukumance a ƙasarsa, su biya haraji da kuɗin asusu, kai kuma ka biya su ladan aikinsu. Hanya ce mai sauƙi ga wanda mutum ɗaya ko biyu yake buƙata. Sai dai ba kyauta ba ce, kuma sai ka tabbatar suna aiki a ƙasar da kake nufi.

Masu sauraro, lokaci ya ja. Bari in yi magana da ku kai tsaye.

Alhaji, Hajiya, in kuna da niyyar buɗe harka a ƙetare, kafin ku kama shago ku zauna da akawu ɗan ƙasar. Ku ce ya lissafa muku abin da ma'aikaci ɗaya zai ci a shekara, har da asusu, har da hutu, har da sallama. In kun riga kun ɗauki mutane ba rajista, ku je da ƙafarku ku gyara, tun ba a zo neman ku ba.

Kai kuma ɗan'uwa ma'aikaci, ke ma 'yar'uwa, a ƙarshen watan nan ku nemi takardar albashinku. Ku tambayi maigida lambarku ta asusu, cikin ladabi, ba da faɗa ba. In an ba ku, ku je ofishin ku tabbatar ana zubawa. Ku adana takardun nan inda ruwa da gara ba za su taɓa su ba.